Sau Uku Na Kira Ta

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Littafin shirya darasi ne wannan, amma yau ban shirya komai ba. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa, ban taɓa wayar gari ban san abin da zan faɗa wa yara ba sai yau. Matata, Maman Auta, ta kawo mini shayi, ya huce a inda ta ajiye shi. Ta ce, “Malam, ko in aika a ce ba ka jin daɗi?” Na ce lafiyata ƙalau.

Sau uku na kira ta. Duk ajin sun ji. Sau uku.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Hedimasta ya kira ni ofis bayan an tashi. Babbar rular allo tana kwance a kan teburinsa, an naɗe ta da jarida. Bai ce in zauna ba, ni ma ban nema ba. Ya ce an kai ’yar tela asibiti jiya, an ɗauki hoton hannun. Yatsu biyu ne suka karye, na hannun dama. Ya ce kwamitin makaranta zai zauna ran sha tara ga wata.

“Da ina da wanda zan ba aji uku, da yau ka kwana a gida ka tashi a gida,” in ji shi. “Amma ba ni da shi. Za ka ci gaba har a zauna. Ƙofa a buɗe. Ko tsinken tsintsiya kada in gani a hannunka.”

Na ce to, ranka ya daɗe.

Yara saba’in da ɗaya ne a rajistata. Yau saba’in na kira.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe goma, yara sun fita shan iska

Ban taɓa jin ajina shiru haka ba. In alli ya faɗi kowa sai ya ji. Na rubuta jimla biyar a allo, na ce wa zai karanta, babu hannu ko ɗaya. Na taka zuwa layin tsakiya, yaran da ke bakin hanya suka janye hannuwansu daga kan benci suka ɓoye a cinya. Ba su haɗa baki ba. Jikinsu ne ya yi da kansa.

Da ina neman irin wannan shirun ruwa a jallo. Ga shi na samu.

Bencin ƙarshe, gefen taga, akwai fili. Ba wanda ya matsa ya cike shi, ko da yake su biyar-biyar suke matsuwa a bencin mutum uku.

Juma’a, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya saura kwata

Tsoron nasu kwana biyu kawai ya yi. Yau sun gane hannuna babu komai. Wani yaro da suke kira Rediyo, don bakinsa ba ya mutuwa, shi ya fara, sauran suka ɗauka. Na yi tsawa, na buga tebur, na sake tsawa har murya ta dushe. Kamar ina zuba ruwa a kwando.

Sai ga Gwaggo, malamar aji biyu, bango ɗaya ne tsakaninmu. Shekararta talatin a wannan aikin, kowa Gwaggo yake ce mata, har hedimasta. Ta tsaya bakin ƙofa ta tafa hannu sau biyu a hankali, sau uku da sauri. Rabin ajin, waɗanda suka biyo ta hannunta bara, suka mayar mata da tafin. Ta sake, duka suka mayar. Sai ta yi ƙasa da murya kamar mai gulma, ta ce, “Wanda ya ji ni ya taɓa hancinsa.” Hanci saba’in.

A baranda ta ce mini, “Ɗana, in ka ɗaga murya su saba’in ne kai ɗaya, wa zai ci? Rage taka, su ne za su biyo ta.”

Ba ta tambaye ni komai game da ran Talata ba. Da ta tambaya da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je shagon tela. Ƙaramin shago ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, ƙafarsa na kan keken ɗinki. Na ce na zo duba jikin yarinya ne. Ya ce da sauƙi. Na ce ko zan iya ganinta. Ya yanke zare da haƙori, ya juya rigar, ya ce, “Malam, sai ran sha tara.” Keken ya ci gaba da kuka.

Na tsaya kaɗan, kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Sai na tafi.

Sau uku fa na kira ta. Na so in faɗa masa. Ban faɗa ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na gwada tafin Gwaggo. Na rikita shi, na yi uku kafin biyu, aji ya fashe da dariya. Rediyo ya ce, “Malam, ba haka ba ne, kawo in nuna maka.” Sati biyu da suka wuce da ya gane kurensa. Yau na ce fito ka nuna mini. Ya fito yana taku kamar sufeto, ya koya mini, na yi daidai, suka tafa mini. Na naɗa shi mai tafi. Tun daga nan in surutu ya yi yawa shi ke tsayar da shi, kuma ya fi ni iyawa, tunda ya san ta inda ake farawa.

Gwaggo ta ba ni wata dabara: gwangwanin madara da sandunan ashana manya, kowanne da lambar yaro. In zan yi tambaya sai in zara, ba sai wanda ya ɗaga hannu ba. Kuma in na yi tambayar in ƙirga goma a zuci kafin in zara, don mai jinkirin tunani ya iso.

Ƙirga goma a gaban yara saba’in ba ƙaramin aiki ba ne. A huɗu nake gajiya.

Na zaro lamba talatin da takwas. Ba wanda ya tashi. Na mayar da ita aljihu, ba gwangwani ba.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata

Sati ɗaya daidai. A wannan lokacin.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Hedimasta ya tare ni a bakin famfo. Ya ce matar tela ta zo. Ta ce yarinyar ba ta ji da kunnen hagu tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama, na daman ma sai an matso. Ta ce ta faɗa mini da bakinta a farkon zango, a bakin ƙofar makaranta.

“Ta faɗa maka?”

Na ce ban tuna ba.

Ya dube ni, ya ce, “To. Babu shi a fayil ɗinta dai, na duba.” Ya wanke hannunsa ya wuce.

Iyaye nawa ne ke tare ni a bakin ƙofar nan? Wannan ɗansa ba ya cin abinci, wannan ’yarta an sace mata fensir, wannan a raba ɗansa da ɗan maƙwabci. Mutum ɗaya ne ni. Ban tuna ba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na ce kowa ya zo da marafan kwalba goma. Sun zo da fiye da dubu, har da na maganin tari. Na raba su shida-shida, suka juya bencina suna fuskantar juna. Kowane rukuni da mai rabo, da mai ƙirga, da mai rubutu, da mai faɗa wa aji. Na ce ga marafai ashirin da huɗu, a raba wa mutum shida, kada a cuci kowa.

Wata biyu ina rubuta rabawa a allo suna kwafa kamar masu zanen tsani. Yau cikin minti goma wata ’yar ƙarama mai tabo a goshi ta ce, “Malam, ashe rabawa rabo ne!” Na ba su ashirin da biyar. Rigima ta tashi a kan ɗayan da ya rage. Wani ya ce a ba babba, wani ya ce a ba Malam. Na ce sunansa saura, a rubuta shi a gefe. Ba za su manta da saura ba har su tsufa.

Na yi dariya a aji yau. Da na ji sautinta sai kunya ta kama ni. ’Yar tela tana gida da hannu a ɗaure, ni ina nan ina gano cewa aikina yana da daɗi.

Juma’a, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

’Yata Auta tana ajin Gwaggo, shekararta bakwai. Tun makon jiya ta daina jirana mu taho tare, sai ta biyo ’ya’yan maƙwabta. Ban tambaye ta dalili ba.

Ɗazu muna cin abinci na miƙa hannu zan ɗauki kofin ruwa da ke bayanta. Ta runtse ido ta ƙanƙame kafaɗa.

Ban taɓa dukan yarinyar nan ba. Ko sau ɗaya.

Mamanta ta gani. Ta ce, “Ke, tashi ki ɗauko mini gishiri,” alhali gishirin yana gabanta. Na kasa ƙarasa abincin.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ban tuna ba. Haka na ce wa hedimasta, haka zan ce wa kwamiti.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe uku na rana

Gwaggo ta shigo ajina bayan shan iska, ta bar nata suna rubutu. Ta ce akwai wasan da take yi a satin farko na kowace shekara, yau za ta ara mini. Ana kiransa wasan raɗa. Yaro ya juya baya, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ita ta ja da baya taku biyar ta raɗa kalma, shi ya maimaita. Sai a sauya kunne. Bayan haka ta rubuta haruffa a allo, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, kowa ya karanta daga bangon baya da ido ɗaya a rufe.

Su wasa suka ɗauke shi. Ta raɗa wa Rediyo “shiru”, ya ce bai taɓa jin kalmar ba.

Mun samu biyu da ba sa ji sosai. Mun samu huɗu da ba sa ganin allo daga baya. Cikinsu har da Dogo, wanda na tura layin ƙarshe saboda tsayinsa, na kuma rubuta masa “malalaci” a katin sakamako sau biyu. Layi na biyu na haruffan ma bai iya gani ba. Na ce, “Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?” Ya ce, “Malam, na zata kowa haka yake gani.”

Minti arba’in wasan ya ci. Minti arba’in kawai, a shekara guda.

Da aka tashi na rufe ƙofa, na je na zauna a gurbin ’yar tela. Bencin ƙarshe, gefen taga. In ka fuskanci allo, taga tana damanka. Ta tagar ana jin babura, da mai walda, da injin niƙa na tsallaken titi. Kunnenta mai ji shi na ba titi. Wanda ba ya ji shi na juyo wa kaina. Ni na zaunar da ita a nan, don ba ta da fitina, don gaba ta masu fitina ce.

Kullum in na ɗauki rular nan sai na ce musu, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Har sun haddace, suna ƙarasa mini.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na tuna.

Ba yau na tuna ba. Tun a bakin famfo na tuna, kafin hedimasta ya rufe baki.

Ran Litinin ce ta farkon zango. An kaɗa ƙararrawa, ina rungume da sababbin littattafai. Matar tela tana da goyo, tana riƙe da koriyar lema duk da ba a ruwa. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, “Malam, don Allah a sa mini ita a gaba, kunnenta na hagu ba ya ji, kuma kunya gare ta, ba za ta faɗa ba.” Na ce, “To, ba komai, za a duba.” Ban ma kalli wace yarinya ce take riƙe da ita ba.

Talata, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Na faɗa wa Maman Auta. Tana ninke kaya, ta ci gaba da ninkewa har ta gama kwandon. Sannan ta ce, “Wa ya ji lokacin da ta faɗa maka?”

Na ce ba kowa.

Ta ce, “Ni ban ce ka yi ƙarya ba, Malam. Allah ya gani ban ce ba. Amma aikin nan shi ne rufin asirinmu. In ka ce ka manta, ai ba ƙarya ka yi ba, ka manta ɗin ran Talata.”

Na ce ba abin da za su tambaya ke nan ba. Za su ce ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Ta ɗauki wata rigar Auta da ta riga ta ninke, ta warware ta, ta sake ninkewa. Ta ce, “Matar nan na san ta a layin awo a asibiti. Ba ta da baki. In suka taru mata su biyar, kuka za ta yi ta ce wataƙila ita ce ta yi kuskure.” Sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ban san wane gefe ta tsaya ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Hedimasta ya ce in zauna yau. Ya ce shi ba ya son ya rasa malami a tsakiyar shekara. Ya ce tsautsayi daban, sakaci daban, kuma kwamiti takarda yake bi. “Abin da ba a rubuta ba, ba su san shi ba. Ka ce mini ba ka tuna ba. Ni abin da na ji ke nan.” Hannunka mai sanda yake mini, kuma na san don alheri yake yi.

Na samu Gwaggo tana yanka kwali tana yin haruffa. Na ce, “Gwaggo, in ke ce fa?”

Ta ce, “Ni alli na iya, ban iya shari’a ba.” Ta ci gaba da yanka. Can ta ce, “Shekarata ta uku a aiki na ja kunnen wani yaro har ya yi jini. Ba wanda ya kira kwamiti, lokacin ba a yi. Yanzu direba ne, in ya gan ni sai ya tsaya ya rage mini hanya. Ban taɓa shiga motarsa na iya kallon gefen fuskarsa ba. Riƙe mini nan.” Na riƙe mata kwalin ta yanke wutsiyar harafin.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe

Maman Auta ta goge mini farar rigar.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

A ɗakin malamai aka zauna. Mutum biyar a bayan tebur, shugabarsu wata tsohuwar ma’aikaciyar jinya. Tela da matarsa a benci ɗaya, ni a kujera ni kaɗai. Rular tana tsakiyar tebur cikin jaridarta.

Sun fara da matar. Wani mai gilashi ya yi ta juya ta: wace rana, ƙarfe nawa, wa ya gani, me ya sa ba ta rubuto ba. Ta ce ba ta iya rubutu ba. Ta ce, “Wataƙila dai bai ji ni ba, akwai hayaniya...” Tela ya sunkuyar da kai.

Ba a zo kaina ba tukuna, amma na tashi. Na ce ta faɗa mini. Na faɗi ranar, na faɗi lemar, na faɗi abin da ta ce da abin da na ce. Na ce ni na sa yarinyar a baya. Na ce sau uku na kira ta daga gaban allo, kanta na sunkuye tana kwafar aikin da ni na ba su, hannunta a shimfiɗe kan benci. Sauran ban iya faɗa ba, kuma ba su matsa ba, hoton yana gabansu.

Hedimasta ya cire hularsa ya mayar. Matar tela ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai sauti, irin na wanda aka sauke wa kaya. Shugabar ta ce, “Zauna, Malam.” Ta daɗe tana rubutu.

Za a aiko da takarda.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ko me takardar za ta ce, wani zai karɓi ajin nan wata rana. Na sayi sabon littafi, na ce zan rubuta layi ɗaya a kan kowane yaro, ban da maki: abin da ya iya, abin da yake tsoro, inda ya kamata ya zauna. Na zata aikin awa ɗaya ne.

Na rubuta hamsin da biyu. Goma sha tara na tsaya ina kallon sunayensu, ban san komai a kansu ba. Wasu ko fuskar ba ta zo mini. Duka marasa fitina ne.

Daga gobe zan tsaya a bakin ƙofa da safe, kowa ya shigo in gaishe shi da sunansa in yi masa tambaya ɗaya.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Takarda ta zo. Gargaɗi na ƙarshe a fayil. Juma’a zan bar ajin, in zauna a gida har ƙarshen zango. Zango mai zuwa an mayar da ni wata makaranta a bakin gari, mota biyu daga nan. Ba a kore ni ba.

Maman Auta ta karanta sau biyu, ta ce, “Sai a riƙa tashi da wuri.”

Saura bakwai a littafin. Yau na gano mai tabo a goshi ita ke yi wa kakarta karatun takardar magani. Wani kuma yana iya kukan tsuntsu iri shida, ya yi mana uku.

Juma’a, 27 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Na cika saba’in da ɗaya. Na ’yar tela na rubuta a ƙarshe, ya ci shafi guda: layin gaba, gefen taga, don kunnen dama ya fuskanci malami. A’a, na soke, na zauna a bencin na gwada da kaina. Gefen ƙofa ne. A tsaya a gabanta in za a yi magana, ta ga baki. Kada a kira ta daga nesa, a taɓa bencin.

Wata sabuwar malama za ta zo Litinin. Na bar mata littafin a hannun Gwaggo, da gwangwanin, da buhun marafai.

Na faɗa wa yara zan tafi. Na ce abin da na yi wa ’yar’uwarsu laifi ne, ba horo ba ne, kuma ba ita ta jawo ba. Ban taɓa ba yara haƙuri ba, ban san inda ake ajiye ido ba. Dogo, daga sabon wurinsa a gefen layin gaba, ya ce, “Malam, sabuwar za ta bar ni a nan?” Na ce an rubuta.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tela ne ya aiko in zo.

Da na yi sallama ya tsayar da keken. Ya share mini kujera da ƙyalle. Mun gaisa kamar mutane. Ya ce likita ya ce yatsun za su haɗe, amma ƙaramin wataƙila ba zai lanƙwasu sosai ba. Ya faɗa yana kallon almakashinsa. Ya ce, “Ban ce na huce ba, Malam. Amma uwarta ta ce in kira ka. Ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa gaskata ta a gaban manya ba.”

Ya ɗaga labulen bayan shago. Yarinyar tana zaune a kan tarin yadi, hannun a rataye a wuya, ta dafe wani littafi da gwiwa tana jan fensir da hagu. Da ta gan ni ta miƙe tsaye kamar a aji, littafin ya faɗi.

Na fara magana daga inda nake. Tela ya ce, “Ta dama za ka zagayo. Ka rage tsawo.”

Na zagaya na durƙusa a kan guntayen yadi. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, “Sannu. Ya hannun?” Ta ce da sauƙi. Tana kallon bakina, ba idona ba. Na buɗe baki zan ci gaba, ta riga ni, da sauri, kamar abin da ta daɗe tana haddacewa.

“Malam, ka yi haƙuri. Ban ji ba ne ran nan. Ba raini ba ne.”

Tela ya juya ya fuskanci bango.

Na ce mata na sani. Na ce ba ita za ta ba da haƙuri ba, ni ne, kuma na zo ne in ba ta. Murya ta ƙi fita sosai. Ta karkato kai ta matso da kunnen, ta ce, “Na’am?”

Na sake faɗa, a hankali, yadda za ta ji.